Zumuncin Gabas: Yadda Kaka Ta Yi Babbar Sallah A Ƙauyukan Hausawan Jazira

Da wuya a sami tsohon gida a Sakkwato ko Katsina ko Kano ko Maraɗi wanda ba shi da labarin wani da ya tafi Gabas bai dawo ba. A wani gidan kaka ne, a wani kawu ne ko baffa, a wani kuma yarinya ce da aka goya aka tafi da ita hanyar Makka tun kafin a san jirgin alhazai. Mu da muke cin kasuwannin bakin iyaka, daga Illela da Jibiya da Maigatari har zuwa Gamborun Ngala, mun fi kowa jin irin wannan labari, domin ta ƙofofinmu ayarin ya riƙa wucewa. Har yau muna sayar da turaren wuta da humra da laffaya da ake kira 'yan Sudan, muna kuma taya ragon Sudan idan layya ta matso, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar yadda 'yan'uwanmu na can suke zaune, da abin da suke ci ranar Sallah, da halin da yaƙi ya jefa su.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu labarin wata ziyara da muka raka kakarmu, Hajiya, zuwa ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Babbar Sallar shekarar 2019, tare da tarihin da ya kai mutanenmu can da kuma abin da ya auku bayan dawowarmu.

Yadda aka yi suka je

Hanyar Gabas tsohuwa ce. Tun ɗaruruwan shekaru mahajjata daga ƙasar Hausa da Barno ke bin ta a ƙafa da jakuna da raƙuma, su ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, su tsallake Nilu, su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, daga nan su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, saboda mutum kan tsaya ya yi noma ko ƙwadago ko koyar da allo a inda guzuri ya ƙare masa, sai ya tara na gaba sannan ya ɗaura.

Babban ayarin da ya fi shahara shi ne na shekarar 1903. A watan Maris na wannan shekara Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa Gabas, ɗimbin jama'a suka bi shi. Turawa suka tarar da su a Burmi, cikin Jihar Gwambe ta yanzu, aka gwabza a ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragamar waɗanda suka tsira, suka ci gaba da tafiya har suka isa gaɓar Shuɗin Nilu. Sun fara sauka a garin Shaihu Ɗalha, daga baya suka tsallaka suka kafa nasu garin a gaɓar yamma, kudu da Sinnar, wanda har yau ake kira Mai Wurno. Fulani da Hausawa ne suka kafa shi tare, shi ya sa ake jin Fulatanci da Hausa da Larabci a titi ɗaya.

Bayan su ayari bai yanke ba. Da layin dogo ya isa Ubayyid a 1912, tafiya ta ragu, da kuma manyan motoci suka fara bin hanyar Maiduguri zuwa Fot Lami (Injamena ta yau), Abeshe, Adare da Junaina, sai talakawa da yawa suka samu ƙarfin halin fita. Yayan Hajiya yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya a shekarun 1950, yana saurayi, ita kuwa tana yarinya ƙarama. Ya ce shekara biyu zai yi. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga, ya yi aure, ya haihu, ya sauke farali bayan shekaru, ya koma wurin iyalinsa a Jazira, a can kuma Allah Ya karɓi abinsa. Mutanen Sudan kan haɗa duk irin waɗannan jama'a su kira su Fallata ko Takari. Wani masani mai suna Bawa Yamba, a littafin da ya fitar a 1995 bayan ya zauna da su, ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a can sukan ɗauki kansu a matsayin matafiya da ke kan hanyar Makka.

Jazira da gumin baƙi

Jazira a Larabci na nufin tsibiri, an kuma kira wurin haka ne domin yana tsakanin koguna biyu, Farin Nilu ta yamma da Shuɗin Nilu ta gabas, waɗanda suka haɗu a Hartum. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, baƙar laka irin firgin da mutanen Gamboru da Dikwa suka sani, mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafa da damina. A 1925 Turawa suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, suka ja ruwa ta manyan hanyoyi zuwa cikin wannan fili domin noman audugar da masaƙun Ingila ke buƙata. Da aka ƙara faɗin aikin da ɓangaren Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950, sai gonar ta kai kimanin fadan miliyan 2, shi kuwa fadan ya ɗara eka kaɗan. Tana cikin manyan gonakin rani na duniya da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya, hedikwatarta kuma tana Barakat, kusa da Wad Madani.

Gona mai wannan girma ba ta nomuwa sai da hannaye, kuma mutanen Yamma na cikin waɗanda suka ba da hannayen, tun daga aikin madatsar har zuwa shuka da cire ciyawa da tsinkar auduga. To sai dai rabon gonakin, waɗanda ake kira hawasha, akasari ya tafi ne ga waɗanda hukuma ta ɗauka 'yan ƙasa. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Mai karatu zai lura cewa ko ayarin Mai Wurno ya zo bayan wannan lokaci, balle waɗanda suka biyo baya. An sassauta sharaɗin daga baya, da yawa kuma sun sami takardun zama 'yan ƙasa, amma tabon ya daɗe. Wasu sun kafa ƙauyukansu na dindindin, wasu kuwa sun ƙare a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, jam'insu kanabi, a gefen hanyoyin ruwa, inda makaranta da asibiti da ruwan famfo suka yi ƙaranci. Mafi yawan waɗanda muka tarar suna noma ne bisa yarjejeniyar raba amfani da mai hawasha, suna kuma haɗawa da kamun kifi, da lambu a bakin kogi, da dako, da ƙananan sana'o'i a kasuwa.

Saukar Hajiya

Shekara da shekaru wasiƙa ce ke haɗa gidan nan biyu, ta hannun alhazai da ɗalibai, daga baya aka koma kaset, sannan wayar hannu ta zo. Da Hajiya ta ga ƙarfinta na raguwa, sai ta ce ba za ta yarda ta bar duniya ba ta ga kabarin yayanta da fuskokin jikokinsa ba. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, ita kuwa ta ce muryar waya ba ta isa ta zama ƙafa ba.

Mun tashi ta jirgin sama daga Kano zuwa Hartum kwanaki kaɗan kafin Sallah. Tafiyar da ta ci wa yayanta watanni, mu sa'o'i kaɗan ta ci mana. Sudan a lokacin tana cikin wani yanayi na tsaka-tsaki, domin a watan Afrilu na shekarar aka tumɓuke Shugaba Umar Al-Bashir bayan mulkin shekara 30, sojoji da farar hula na ta ciniki kan yadda za a raba iko. Akwai dogayen layuka a gidajen mai da gidajen burodi, takardar kuɗi kuma ta yi wuya a bankuna. Duk da haka hanya lafiya lau take. Daga Hartum muka bi kwalta kusan kilomita 190 zuwa Wad Madani, daga nan muka gangara kudu ta hanyar Sinnar, muka sauka daga titi muka bi gefen wata hanyar ruwa zuwa ƙauyen. Damina ce, laka ta hana ƙaramar mota ƙarasawa, sai a keken jaki aka ɗauki Hajiya da kayanta.

Tsarabarta ba ta da tsada, amma ta san abin da ta zaɓa: goro a cikin ganye, daddawa, garin kuka, yajin citta, man shanu, da turamen atamfa. Matar marigayin, wadda ita ma tsufa ya kama, ta fito tana dogara sanda. Ba su taɓa ganin juna ba, amma Hajiya ta ce mata, "Yaya, ashe rai kan ga rai?" Suka rungume juna suna kuka, 'ya'yan marigayin na gefe suna ta faɗin "Sannu da zuwa Gwaggo, sannu da hanya." Jikokin kuwa Habboba suke kiranta, wato kaka da Larabcin Sudan. Kafin magariba ta riga ta naɗa ɗaya daga cikin samarin mijinta, ta kuma ja wa 'yammatan kunne cewa kishiya ta iso, kowa ta yi hattara. Yaran suka fashe da dariya, domin wasan jika da kaka bai ɓace musu ba.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne harshe. Tsofaffi na yin Hausa tsantsa, irin ta Sakkwatawan dā, da wasu kalmomin da mu a gida mun daina ji sai a bakin kakanni. Matasa kuwa Hausarsu cike take da Larabci, musamman wajen ƙirga da zancen makaranta da ciniki, wasu ƙananan ma suna ji amma da Larabci suke mayarwa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya yi littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci. Abin da ya rubuta, mu a tsakar gida muka ji shi da kunnenmu.

Yawon gani da ido

Kafin ranar Sallah 'ya'yan marigayin suka yi hayar mota domin a zaga da Gwaggo. Wurin farko shi ne maƙabarta, inda ta daɗe a tsaye daga gefe tana addu'a, sannan aka nufi Sinnar. Wannan gari shi ne babban birnin daular Funj, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, kufan tsohon birnin kuma na nan a arewa da garin na yanzu. Madatsar ruwan ta kai tsawon kilomita 3, an gina ta da dutse, hanyar mota da layin dogo sun bi ta kanta. A watan Agusta kogin na cike da ruwan da ya gangaro daga duwatsun Habasha, ja wur saboda laka, yana ƙara kamar aradu a ƙofofin madatsar. Hajiya ta dube shi ta tambaya ko wane ne ya sa masa suna shuɗi. Daga nan ne babbar hanyar ruwa ta tashi ta nufi arewa, ta rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har ta isa kowace hawasha. A ƙasan madatsar mun tarar da masunta, da muka yi musu sallama da Hausa, da Hausa suka amsa.

Daga Sinnar 'yar tafiya ce kaɗan zuwa Mai Wurno. Gari ne babba mai kasuwa da makarantu da masallatai, sarautarsa kuma tana hannun zuriyar wanda ya kafa shi. Ga mutumin Sakkwato, shiga garin kamar shiga wata unguwa ce ta gida da aka ɗauke aka dasa a bakin wani kogi: zaure a ƙofar gida, almajirai da alluna, dattawa da rawani, gaisuwa mai tsawo. Da aka ji baƙuwa ta zo daga ƙasar Shehu, mata suka yi ta shigowa gidan da muka sauka, kowace na ambaton garin kakanninta, wannan ta ce Wurno, waccan ta ce Gwadabawa, wata ta ce Raba, suna tambaya ko Hajiya ta san gidan wane. Akasarin sunayen da suka ambata na mutanen da suka rasu ne tun kafin a haife mu, amma sau biyu Hajiya ta gane zuriyar da ake nufi, aka kuwa rubuta lambobin waya.

Yara sun so a kai mu gandun namun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, amma da damina hanyarsa ba ta biyuwa. Maimakon haka sai muka yi yini guda a kasuwar Wad Madani, wurin da ya fi jan hankalinmu mu 'yan kasuwa. Kayan da ke cika rumfunanmu su ne ke cika nasu: riɗi, gyaɗa, dawa, zoɓo da suke kira karkade, tsamiya da suke kira aradeb, 'ya'yan kuka da suke kira gongoles, da ƙaro, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi a duniya. Da yamma ta yi sai hayaƙin nama ya tashi a bakin titi, aka ce mana agashe ne. Tsire ne sak, da ƙuli-ƙuli da yaji, Hausawa suka kai shi, sunansa kuma bai ɓoye asalinsa ba, ga shi ya zama abincin marmari na Sudan baki ɗaya. Haka ma godogodo da matan Hausawa ke damawa da nono suna sayarwa, wanda ɗan'uwan furarmu ne. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuwa dakwa suke ce mata, kalmar da ba ta yi wa kunnenmu baƙunta ba.

Faranti ɗaya ranar Sallah

Sallah ta kama ranar Lahadi, 11 ga Agusta. Bayan an sauko daga idi, mutane suka bi gida-gida suna neman gafarar juna kafin a taɓa wuƙa. A nan ne aka sami saɓanin al'ada na farko. A wajenmu, Illela da Ƙonni da kewaye, idan an yanka rago akan feɗe shi a buɗe, a tsire shi da itace a kafa a gefen babbar wuta ya yini yana gasuwa, ba a rabawa sai washegari. A Jazira kuwa ba a jira. Da an feɗe, sai a yayyanka hanta da huhu da tumbi, a wanke, a zuba albasa da lemun tsami da barkono da dakwa, a ci ɗanye, shi ne suke kira marara. Sannan a soya ko a gasa tsoka nan take, wato shayya, a dafa sauran kayan ciki da miya, wato kamuniya. Da aka miƙo wa Hajiya marara, ta ce wa babban ɗan marigayin, "Ɗana, ni dai haƙorana sun tsufa da koyon sabon abu, a kai nawa wuta." Aka yi dariya, aka gasa mata nata.

Ita ma ba ta zauna a matsayin baƙuwa ba. Ta sa aka kawo garin dawa ta tuƙa tuwo da hannunta, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta zo da ita da ƙashin rago da man shanu. Matan gidan suka yi kisra, wato wainar dawa mai tsami, siririya kamar takarda, da asida, wadda tuwo ce mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Aka jera komai a kan babban faranti da ake kira siniya, maza a zaure, mata a tsakar gida, kowa na sa hannu a duk kwanon da ya ga dama. Maƙwabta Larabawa suka shigo da nasu farantin, kamar yadda aka saba a can, suka ɗanɗana miyar kuka, wasu suka ƙara, wasu suka ce ƙamshin daddawa ya fi ƙarfinsu. Bayan abinci aka kawo sharbot, wani abin sha na dabino da kayan ƙamshi da suke yi musamman domin naman layya, sannan kofi a ƙaramin tulun da ake kira jabana, Hajiya kuma ta fasa goro ta raba.

Matar marigayin ta ci tuwon nan tana hawaye. Ta ce mijinta har ya rasu yana zancen miyar mahaifiyarsa, ita kuma ta yi ta gwadawa ba ta taɓa jin ya ce ta dace ba, sai yau ta gane abin da yake nufi. Da daddare aka shimfiɗa gadajen igiya a waje, Hajiya ta zauna tana lissafa wa jikoki sunayen kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, da unguwar da aka haifi kakansu, da sana'ar gidan, wata jika 'yar sakandare tana rubutawa da haruffan Larabci a littafin makaranta. Mun lura cewa a duk gidan, mutum biyu ne kaɗai suka rage da za su iya wannan lissafi, kuma dukansu sun haura saba'in.

Abin da ya biyo baya

Muna can aka sa hannu kan yarjejeniyar raba iko tsakanin sojoji da farar hula a ranar 17 ga Agusta, 2019, mutane suka fito tituna suna murna. Mun dawo gida muka tarar Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, rufewar da ta kai har Disamban 2020, wadda babu ɗan kasuwar bakin iyaka da zai manta da ita. An yi alkawarin cewa 'ya'yan marigayin za su rama ziyara. Cutar korona ta fara tsayar da maganar, sannan abubuwa suka rikice.

A watan Oktoban 2021 sojoji suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, kan batun ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi na a ba su masarautar gargajiya tasu. An kashe fiye da mutum 100 a yankunan Rusairis da Damazin da kewaye, dubbai suka gudu zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nilu, Hausawa kuma suka yi zanga-zanga a Hartum da Kassala da wasu garuruwa. A watan Oktoba na shekarar faɗan ya sake tashi a Wad Al-Mahi, inda aka rasa fiye da mutum 200. Tsohuwar tambayar nan ta wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ita ce ta sake ɗagowa bayan mutane sun shafe fiye da shekara 100 a wurin.

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdul Fatah Al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo. Jiragen Kano zuwa Hartum suka tsaya, aka kwaso ɗaliban Nijeriya ta iyakar Masar da Fot Sudan. Da farko Wad Madani ta zama mafakar waɗanda suka tsere daga Hartum, amma a Disamban 2023 RSF ta kama ta, ta bazu cikin ƙauyukan Jazira, aka yi ta samun rahotannin kisa da kwasar dukiya, ciki har da harin Wad Al-Nura a Yunin 2024 da ya ci fiye da mutum 100. A ƙarshen wannan wata RSF ta shiga Sinja, babban birnin Jihar Sinnar, abin da ya sa Sinnar da Mai Wurno suka kasance cikin ƙunci na watanni. Sojoji sun ƙwato Sinja a Nuwamban 2024, Wad Madani kuma a ranar 11 ga Janairun 2025, sai dai ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam sun ba da rahoton hare-haren da mayaƙan da ke mara wa sojoji baya suka kai wa wasu kanabi bisa zargin haɗa kai da RSF. Wato talakan kambo ya sha daga hannu biyu. Yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, ya lalata hanyoyin ruwa da rumbuna da injinan noma na Jazira. Tsohuwar hanyar mahajjata ta Adare da Junaina da Fashir kuwa ta zama filin daga, Fashir ɗin ma ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025.

Dangin Hajiya sun watse kamar sauran jama'a. Wasu sun nufi Gadarif, wasu Kassala, wasu sun zauna sun jure. Watanni da dama babu waya babu saƙo. Matar marigayin ta rasu a gudun hijira. Da layi ya dawo, abin da jikar nan ta fara turowa shi ne hoton shafin da ta rubuta sunayen kakanni, ta ce yana cikin 'yan kayan da ta iya ɗauka.

Abin da ya rage gare mu

Mu 'yan kasuwar bakin iyaka mun san cewa hanya tana buɗe yau gobe a wayi gari an rufe ta, mun gani a 2019, mun sake gani tsakanin Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Wanda yake da niyyar ziyarar dangi a wata ƙasa, kuma hanya na lafiya, kada ya ce sai baɗi. Game da Sudan kuwa, ba mu ba kowa shawarar bin hanyar tudu ta Darfur ba, duk ribar da aka kwaɗaita masa, kuma duk mai son zuwa ta wata hanyar ya fara tuntuɓar mutanensa na can da ofishin jakadanci.

Akwai abin da za a iya yi daga rumfa. Na farko, duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida da ta san sunan wanda ya tafi Gabas, da shekarar da ya tafi, da garin da aka ji ya sauka, ya zauna da ita ya rubuta tun tana da rai, domin da waɗannan sunaye ne ake gane juna a Mai Wurno da Madani da Gadarif. Na biyu, wanda ya riga ya san danginsa ya neme su, ko da gaisuwa ce, idan kuma da hali ya aika musu da taimako ta hannun amintaccen da aka sani, ya tabbatar saƙon ya isa kafin ya ƙara wani, saboda 'yan damfara ba sa rasa shiga irin wannan lamari. Na uku, ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da ke tara gudummawa idan gobara ta ci kasuwa, ba laifi ba ne su tuna da 'yan gudun hijirar Sudan idan layya ta zo, ko waɗanda suka iso garuruwanmu ko waɗanda ke sansanonin gabashin Chadi.

Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu 'yan Sudan ne, can aka haife su, can suka binne iyayensu, gumin kakanninsu kuma na cikin kowace hanyar ruwa ta wannan gona. Amma jininmu ne, kuma ɗan'uwa rabin jiki ne. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gidansa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma buɗe hanya domin a ci gaba da sada zumunci. Amin.